Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Gwanintar Ɗaura wa Mota Gejin Iska da Gejin Mai

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. To injin mota fa, da yake da zuciya amma ba shi da fuska? Yana can ƙarƙashin bonet a rufe. Idan mai silinda 8 ne, kuma yana juyi 6,000 a minti, wuta na tashi a cikinsa sau 400 a kowace daƙiƙa, direba kuwa na zaune riƙe da sitiyari, ba abin da ke isa kunnensa sai ƙugi mai daɗi. Doki idan ya gaji yakan yi haki, mutum yakan yi nishi. Injin da aka ɗora wa sufacaja ba ya yin ko ɗaya. Yakan yi gudu mafi daɗi a daidai lokacin da yake dab da halaka, kuma kafin kunne ya ji wani abu, fistin ya riga ya fashe.

Akwai masu sana'ar da aikinsu shi ne yi wa wannan injin fuska. Sukan ɗaura geji biyu a gaban direba, kowanne faɗinsa milimita 52, bai kai bakin kofin shayi ba. Ɗaya yana nuna matsin iskar da ake ɗura wa injin, ɗayan yana nuna matsin fetur ɗin da ke zuwa tarar iskar. Wanda ya ga aikin bayan an gama zai ɗauka ado ne kawai, 'yan agogo biyu masu haske da daddare. Ni kuwa ina ganin wannan aiki yana cikin mafi lada a sana'ar mota, domin a cikinsa ake gane wanda ya san injin da wanda ya san sifana kawai.

Zugazugin da ke bisa injin

Kowane maƙeri ya san ba yawan gawayi ke narkar da ƙarfe ba, sai an haɗa da zuga. Injin fetur ma haka yake. Kowane giram ɗaya na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Zuba mai abu ne mai sauƙi, samun iskar da za ta ƙona shi ne wahalar. Injin gama-gari yana zuƙar iska da kansa, iyakar abin da zai samu shi ne wanda nauyin sararin sama ya turo masa, wato psi 14.7 a bakin teku. Psi ɗin nan shi ne ma'aunin da mai faci ke dubawa idan yana ba taya iska.

Sufacaja zugazugi ce da aka ɗaura wa injin, bel yana juya ta kai tsaye daga karanshaf. Kwatanta ta da zugazugi ba ƙawata magana ba ne, asalinta ke nan. A 1860 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, suka yi rajistar wata na'ura mai fukafukai biyu masu juyi a cikin juna, wadda aka riƙa hura wa tanderun narkar da ƙarfe iska da ita. Daga baya masu ƙera injin suka ɗauke ta. A 1921 kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu irin wannan na'ura a bajekolin motoci na Balin, kuma kalmar Kompressor da muke gani a bayan wasu Marsandi a titunan Kano da Yamai daga wannan tarihi ta gangaro.

Bambancinta da turbo shi ne, turbo hayaƙin salansa ke juya shi, saboda haka yakan ɗan jira kafin ya kawo ƙarfi. Sufacaja irin ta Roots ba ta jira. Ana taka totur matsin ya iso. Wannan saurin shi ne daɗinta, shi ne kuma hatsarinta, domin idan mai bai iso tare da iskar ba, babu lokacin gyara kuskure.

Motar da ta sa kowa neman geji

Misali mafi kyau shi ne Ford Mustang SVT Cobra ta 2003 da 2004, wadda Amurkawa ke yi wa laƙabi da Terminator. Injinta mai silinda 8 ne, lita 4.6, an ɗora masa sufacaja ƙirar Eaton M112 da ke ba da ƙarin matsi na psi 8, kamfani kuma ya rubuta mata ƙarfin doki 390. Idan ka ɗora 8 a kan 14.7, ka ga an ƙara wa injin fiye da rabin matsin da yake samu da kansa.

Masu motar ba su daɗe ba suka gano cewa injin yana da ƙwari fiye da abin da ake nema a gare shi. Hanya mafi araha ta ƙara ƙarfi ita ce canza fulin da ke kan sufacaja. Na kamfani faɗinsa inci 3.65 ne. Idan aka sa ƙarami, kamar 2.93 ko 2.76, na'urar sai ta ƙara saurin juyi, matsin ya haura sosai. Amma gejin da kamfani ya sa a dashbod iyakarsa psi 10. Allura sai ta je ta jingina da ƙarshe ta tsaya, ko matsin 11 ne ko 15, duk ɗaya ne a wurinta. Gejin matsin mai kuwa babu shi sam, sai wanda ke nuna yawan man da ya rage a tanki. Mutum ya ƙara wa wutarsa zuga, kuma ba ya ganin ko gawayin na isa.

A nan gwanin ɗaura geji ke shigowa.

Allura biyu, magana ɗaya

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin cewa gejin nan biyu ba a karanta su ɗaya-ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin.

Nozul, mai fesa wa injin fetur, ƙofa ce tsakanin wurare biyu. A bayanta akwai fetur da famfo ya matso, a gabanta akwai iskar da ke cikin manifol, wato hanyar da ke raba wa silinda iska. Ƙarfin feshinta ya dogara ne ga yadda matsin baya ya rinjayi na gaba. Kamar mai tura ƙofa ne wani yana turowa daga ciki. Idan na ciki ya ƙara ƙarfi, dole na waje ya ƙara daidai gwargwado, in ba haka ba ƙofar ba za ta buɗe kamar da ba.

A Cobra, kwamfutar mota tana ƙoƙarin riƙe wannan rinjaye a kimanin psi 40. Idan motar tana sulo, manifol yana zuƙa maimakon turi, da kimanin psi 10, sai gejin mai ya nuna wajen 30. Idan aka taka totur matsin iska ya kai 8, gejin mai ya kamata ya hau wajen 48. Idan an canza fuli iska ta kai 14, mai ya kamata ya kai wajen 54. Kowane taki ɗaya da allurar iska ta yi, allurar mai ta bi ta da taki ɗaya, kamar shanun huɗa biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya.

Yanzu ka ɗauka wani ya taka mota, iska ta kai 12, allurar mai kuwa ta tsaya cak a 40. Wanda bai sani ba zai ce lafiya lau, ai ba ta faɗi ba. Gwani kuwa nan take zai ɗaga ƙafa, domin ya cire 12 daga 40 ya ga saura 28. Idan rinjayen ya sauko daga 40 zuwa 30 kawai, man da nozul ke fesawa a buɗewa ɗaya yana raguwa da kimanin kashi 13 cikin 100. Kwamfuta takan tsawaita lokacin buɗewar don cike giɓin, amma a ƙololuwar gudu nozul ɗin kusan a buɗe yake koyaushe, babu sauran lokacin da za a ƙara. Injin da ake ɗura wa iska yana son cakuɗa mai kauri, wajen kashi 11.5 na iska ga kashi 1 na mai, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Da wannan ragin, cakuɗar sai ta tsinke ta haura 13. Zafi ya ƙaru, sauran cakuɗar ta riƙa fashewa da kanta kafin wutar fulogi ta iso gare ta, tana dukan kan fistin kamar guduma. Cikin 'yan daƙiƙu gefen fistin da ke riƙe da zobe ya tsage.

Duk abin da gwani zai yi daga nan, saboda wannan lissafi yake yin sa. Lambar da allura za ta nuna dole ta zama gaskiya, kuma auna ta bai kamata ya jawo wata sabuwar matsala ba.

Inda ake ɗebo iska

Gejin iska na gargajiya ba ya bukatar lantarki sai don fitila. A cikinsa akwai wani siririn bututun tagulla lanƙwasasshe, ƙirƙirar Bafaranshe Eugène Bourdon da ya yi wa rajista a 1849. Idan matsi ya shiga, bututun yana ƙoƙarin miƙewa, kamar yadda mesar ban-ruwa ke miƙewa idan an buɗe famfo, wannan motsin ne ke juya allura. Abin da ake bukata kawai shi ne a kawo masa iska daga injin ta cikin siririn tiyo. Tambayar ita ce daga ina.

A saman injin akwai bakunan tiyo da yawa, a ido duk kama suke. Gwani yana bin hanyar iska da yatsa kafin ya taɓa ko ɗaya: daga matatar iska zuwa maƙogwaron totur, zuwa sufacaja, zuwa na'urar sanyaya iska, zuwa manifol. A mota irin Cobra, maƙogwaron totur yana gaban sufacaja. Duk bakin da ke tsakanin su biyu ba ya ganin turi har abada, zuƙa kawai yake gani. Wanda ya jona gejinsa a nan zai taka mota har ƙasa, allura ta zo sifili ta tsaya, ya fara zargin sufacajar da ba ta yi laifin komai ba. A motocin da aka ɗora wa sufacaja mai farfela irin ta Vortech ko ProCharger kuwa, totur yana bayan na'urar, wanda ya jona kafin totur zai ga turi amma ba zai ga zuƙa ba. Wuri ɗaya ne ke faɗin gaskiya duka: bayan totur, bayan sufacaja, inda bawul ke shan iska.

Akwai tiyo biyu da ke jan hankalin mai gaggawa. Na farko babban tiyon da ke taimakon birki. Yana da bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya, wanda ya jona a bayansa ba zai ga turi ba, kuma ya saka birkin mutane cikin kasada. Na biyu ƙaramin tiyon da ke kai labarin matsin manifol ga na'urar daidaita matsin mai. Wannan yana ba da lamba daidai, shi ya sa mutane da yawa ke yanka shi su sa mahaɗa mai baki uku. Amma ka duba abin da hakan ke nufi. Idan wata rana tiyon geji ya zame a can bayan dashbod, na'urar mai za ta daina jin cikakken turin iska, ta ƙi ƙara matsi a daidai lokacin da ake bukata. Gejin da aka sa don tsaron injin shi zai kashe shi. Gwani yakan nemi baki na daban ko da zai ɓata ƙarin awa ɗaya. Idan dole ta sa ya raba, sai ya ɗaure kowane baki da maɗauri, domin tiyon da zuƙa ke riƙewa, turi tunkuɗe shi yake yi.

Sai yankan tiyon nailan ɗin, mai kaurin inci 1/8. Da reza mai kaifi ake yanka shi a miƙe, ba da filaya ba, don kada bakinsa ya matse. A zura noti, a zura ɗan zoben tagullar da ke kama shi, a ɗaura a hankali har ya kama. Idan aka wuce gona da iri zoben ya shaƙe tiyon. A bi da shi nesa da manifol ɗin salansa da bel, ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba, a bar masa ɗan sassauci saboda injin yana girgiza a kan mazauninsa. Idan allura tana rawa saboda bugun iskar sufacaja, akwai ɗan toshi mai ƙaramar huda da ake sawa cikin tiyon ya kwantar da ita.

Fetur ba ya shiga ɗaki

Ƙa'ida ta farko a gejin mai ba ta da sassauci: ba a shigo da fetur mai matsi cikin ɗakin fasinja. Tiyon iska idan ya fashe, sauti kawai za a ji. Tiyon mai idan ya fashe a psi 50, feshi zai yi a bayan dashbod, inda wayoyin lantarki suke, a kan gwiwar direba. Fetur kuwa yana fitar da tururin da ke kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Hanyoyi uku ne masu kyau. Ko a ɗaura gejin a waje, a gindin gilashin gaba, kamar yadda masu tseren motoci a Amurka suka daɗe suna yi. Ko a sa wata na'ura mai tantani a ɗakin injin, fetur ya tsaya a gefe ɗaya, wani ruwa marar kama wuta ya kai matsin ciki. Ko kuma, wanda ya fi yawa a yau, a ɗaura sensa a injin, waya kawai ta shiga ɗaki. Sensa irin ta zamani tana da waya uku: ɗaya ta kawo mata bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ta ukun ta mayar da saƙo tsakanin bolt 0.5 da 4.5 gwargwadon matsin da ta ji.

Kafin a kwance komai, sai injin ya huce. A cire fis ɗin famfon mai, a tada mota a bar ta ta mutu da kanta, don matsin da ke cikin bututu ya sauka. A cire kan batir na ƙasa. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai, a sa tabarau, a naɗe wurin da tsumma, domin ko bayan duk wannan akwai sauran mai da zai fito.

A bututun ƙarfen da ke raba wa nozuloli mai, motoci da yawa suna da wani baki mai kama da bawul ɗin taya, wanda aka yi don gwaji. A nan aka fi jona sensa. Amma haƙoran murɗawa, waɗanda makanikai ke kira tiredi, iri-iri ne. Yawancin sensar Amurka tana da haƙori 1/8 NPT, bakin gwajin Ford na wancan zamani kuwa 1/16 ne, sai da mahaɗa. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Haƙorin NPT na 1/8 yana da zagaye 27 a inci ɗaya, na BSPT da ake samu a kayan Japan yana da 28. Bambancin zagaye ɗaya tak. Za su shiga juna sau biyu ko uku kamar sun dace, sannan su cije. Mai ƙarfin hannu zai ƙara matsawa da sifana, ya ga ya ɗauru, bayan wata biyu mai ya fara tsattsafowa. Gwani yana fara murɗawa da yatsu, kuma yatsun ne ke gaya masa idan haƙoran ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Haƙorin NPT tsukakke ne, yana ƙara matsewa yayin da yake shiga, saboda haka yana bukatar abin toshe ƙofofi, ko man liƙi mai jure fetur, ko farin tef irin na masu aikin famfo. Mai amfani da tef yana barin haƙora biyu na farko tsirara, domin ɗan yagin da ya shiga bututu zai je ya toshe nozul, silinda ɗaya ta riƙa yunwa ba tare da geji ya nuna ba. Mahaɗa irin ta AN kuwa, wadda sojojin Amurka suka tsara tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da bakinta mai karkatar digiri 37 take rufewa, ba a sa mata tef ko kaɗan. Sifana biyu ake amfani da su, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗaura, don kada a murɗe bututun.

Abu na ƙarshe da ke nuna zurfin tunani shi ne inda sensar za ta zauna. Idan aka ɗaura ta kai tsaye a bisa doguwar mahaɗar tagulla, nauyinta yana lilo da kowace girgizar injin, har wata rana tagullar ta gaji ta karye. Gwani yakan ɗauke ta ya ɗaure a jikin mota, ya haɗa ta da bututun da gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe. Ta tsira daga girgiza, ta tsira daga zafi.

Bango, waya da gurbi

Tsakanin ɗakin injin da na fasinja akwai bangon ƙarfe. Dole tiyo da waya su ratsa shi. Gwani yana fara neman zoben robar da kamfani ya riga ya sa, ya bi ta gefensa ba tare da ya ji wa wayoyin da ke ciki ciwo ba. Idan sai an huda, yana leƙa bayan wurin da tocila tukuna, domin a can bututun birki da kayan eyasi da damin wayoyi suke. Bayan huda ya goge kaifin, ya shafa fenti saboda tsatsa, ya sa zoben roba. Bakin ƙarfe tsirara wuƙa ce mai haƙuri, za ta yi shekara tana yanka.

Wutar geji daga layin da makulli ke kunnawa ake ɗaukar ta, ta bi ta ƙaramin fis nata na kanta. Akwai gejin iska na lantarki da ke auna iskar waje a daidai lokacin da aka murɗa makulli, ya mai da ita sifilinsa. Idan aka ba shi layin da ke ɗaukewa yayin da ake tada injin, zai farka bayan injin ya riga ya tashi, ya ɗauki zuƙar sulo a matsayin sifili, duk lambar da zai nuna ranar ƙarya ce. Wayar ƙasa a ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta da aka kankare wa fenti. Wayar fitila a haɗa ta da hasken dashbod don kada ta kashe ido da dare. Wayoyi masu ruwan ɗorawa kuwa na jakar iskar hatsari ne, ba a kusantar su.

Gurbin geji ma yana da hikima. An fi sa shi a ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, inda ido zai kai ba tare da barin hanya ba. Amma a motocin da ke da jakar iska a cikin ginshiƙin, duk abin da aka ɗaura a kai zai zama harsashi ranar hatsari, sai a nemi wani wuri. Wasu gwanaye sukan ɗan juya gejin a gurbinsa yadda idan komai lafiya a cikakken gudu, allura za ta miƙe sama. Direba ba ya bukatar karanta lamba, kallo ɗaya ya isa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Bayan an mayar da fis da batir, ba a tada mota. A murɗa makulli famfo ya cika bututu, a kashe, a sake, sau uku. Sannan a goga farar takarda busasshiya a kowace mahaɗa, a duba, a sansana. Sai a tada, a sake dubawa. Bayan injin ya yi zafi ya huce, a kuma dubawa, domin ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa. Gwani yakan kuma jona gejin gwaji na gareji ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya da sabon, kamar yadda mai sayen hatsi ke gwada mudun kasuwa da nasa.

Daga nan fuskar ta fara magana. Injin mai lafiya yana zuƙa tsakanin inci 17 da 21 na ma'aunin zuƙar gejin iska a sulo a ƙasa mai kusa da teku, allura a tsaye. Idan ta yi ƙasa da haka, akwai inda iska ke sata. Idan tana zabura a kai a kai, a duba bawul. A tafiyar yau da kullum allurar tana zama a ɓangaren zuƙa, domin akwai ƙofar kewaye da ke sauke wa sufacaja nauyi har sai an taka da gaske. Idan matsin ya hau sannan ya faɗi a ƙololuwar juyi, bel ne ke zamewa, za a ga baƙar ƙura kusa da fuli. Idan allurar mai ta bi ta iska sannan ta fara ja da baya, ko famfo ya gaji, ko matatar mai ta toshe, ko wutar da ke isa famfo ta yi rauni. Idan aka kashe mota matsin mai ya zube nan da nan, wata nozul na ɗiga ko bawul ɗin famfo ba ya riƙewa. Wannan gwaji na cikakken gudu a kan na'urar gwajin ƙarfi ko filin tsere ake yin sa, mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon allura.

A garejinmu

Cobra ba motar titunanmu ba ce, amma sufacaja tana nan a tsakaninmu, a cikin Marsandi C180 da C200 Kompressor 'yan Kwatano, da Range Rover Supercharged. Yanayinmu kuma ya fi na inda aka ƙera su tsanani. Zafin bazara yana haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, sufacaja kuma tana ƙara wa iskar zafi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Man da aka saya a jarka a bakin hanya yana iya zuwa da datti ya shaƙe matatar mai. Ko tsayin ƙasa yana canza lamba: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, allurar zuƙa za ta nuna ƙasa da ta Legas da wajen inci 4, injin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Sai dai kowace mota da tsarinta. Akwai waɗanda ke riƙe matsin mai a lamba ɗaya ko da iska ta hau, kwamfuta ta yi lissafin sauran, a irinsu allurar da ta tsaya cak ita ce mai lafiya. Range Rover mai injin lita 5.0 kuwa tana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ke kaiwa bar 150, sama da psi 2,000. Sensar geji mai iyakar psi 100 ba ta da wuri a wannan bututu. A ɓangaren ƙaramin matsi ake aunawa, ko a karanta lambar daga kwamfutar motar. Gwani yana tambayar motar irin tsarinta kafin ya buɗe akwatin sifana.

Idan irin wannan mutum ya gama, ba ya miƙa makulli ya juya. Yakan zauna a kujerar gefe ya ce, "Alhaji, ka ga waɗannan biyun? Tare suke hawa. Ranar da ka ga ta iska ta hau ta bar ta mai a baya, ka ɗaga ƙafa nan take, ko wa ke gabanka." Tiyon da ya kewaye da shi nesa da zafi, zoben robar da ya sa a bango, haƙora biyun da ya bari ba tef, duk sun ɓace a bayan dashbod da ƙarƙashin bonet, mai motar ba zai taɓa ganin su ba. Abin da zai gani allura biyu ne, kuma zai amince da su a daƙiƙar da ba shi da lokacin tunani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: gejin da ke ƙarya ya fi rashin geji sharri, domin marar geji yana tafiya da tsoro, mai gejin ƙarya kuwa yana takawa da gaba gaɗi. Shi ya sa nake ganin wannan gwani kamar mai awo ne da ba ya tauye mudu, ko da mai saye ya juya baya.